In zumuntarku na shirin zuwa gidan marayu a Nijar, ga yadda ya kamata ku shirya

Da an shiga dogon hutu sai ka ji matasa a coci sun fara maganar fita mishan zuwa gidan marayu a wata kasa. Abu ne mai kyau wallahi, Yakubu 1:27 ma kai tsaye ya hada addini na gaskiya da kula da marayu da gwauraye. Kuma mu nan Sakkwato kasar waje ba nisa gare ta ba, ka hau mota zuwa Illela, ka tsallaka boda, ka shiga Konni, shi ke nan kana Nijar, ga shi da Hausa za ka yi komai. Amma 'yan'uwa shirin na farawa tun kafin a fara tara baiko.

Abu na farko kar ku tafi inda ba a gayyace ku ba. Ku bi ta hannun fasto ko fada, shi ya tuntubi ikilisiyar can, in ku 'yan ECWA ne akwai EMS, sashen mishan na ECWA, da ta dade tana wanga aiki, 'yan Katolika kuma su bi ta ofishin dayosis. Can ma akwai masu tsohon tarihi, kungiyar mishan ta SIM na rike da asibitin Galmi tun 1950, suna sane da wane gida ne na gaskiya wane ne na neman kudi. Ku tambayi gidan, yana da rajista da gwamnati? Yara nawa ne, masu reno nawa? Yaran na zuwa makaranta? Suna ziyartar danginsu?

Wannan tambayar ta karshe ita ce ta fi damuna. Kungiyar Save the Children ta fitar da rahoto a 2009 cewa akalla hudu cikin biyar na yaran da ke irin wadannan gidaje a duniya suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya kai su ba mutuwa ba. Ruwanda tun 2012 ta fara rufe gidajen marayu tana mayar da yara cikin iyalai, Ostareliya kuma a 2018 ta dauki tara yara a gidan marayu don jawo kudin baki a matsayin wani nau'in bautar zamani. Mu kanmu ai mun sani, a al'adarmu maraya gidan kawu ko gwaggo ko kaka yake tashi. Don haka gidan da ke kokarin hada yaro da danginsa, yana taimaka wa kakar da buhun gero da kudin makaranta, shi ya fi cancanta da guminku. Wanda kuwa da kun tambaya sai ya fara kame-kame yana turo muku hotunan yara masu kuka, ku bar shi.

Takardu. Fasfo wanda bai kusa karewa ba, da katin allurar shawara wato yalo kad, kuma sai an yi allurar da kwana 10 kafin katin ya fara aiki, kar a bari sai ana gobe tafiya. Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025, dokokin boda na canzawa, ku aika mutum ofishin shige da fice ya tambayo abin da ake karba a satin da za ku tashi, kar ku dogara da labarin direban tasha. Ku rike takardar gayyata daga masu masaukinku da ta cocinku, in da hali a fassara da Faransanci saboda jandarmomi. Canjin sefa ku yi shi kafin ku yi nisa.

Maganar tsaro ba wasa, ba tafiyar dare ko da awa daya ce. A Oktoban 2020 an sace wani Ba'amurke a Massalata dab da Konni, yankin Tillaberi kuwa kar ma a sa shi a lissafi. Kar ku rika sa ranar tafiya da wurin kwananku a Facebook, kar a yi wa mota ado da kyallen sanarwa. Kasa ce ta Musulmi mafi rinjaye kamar nan gida, kun san zaman, a yi shiga ta mutunci, a gaida mai gari da limami, in ya kama lokacin azumi kar a ci a sha a bainar jama'a. In akwai 'ya'yan Musulmi a gidan kar wani ya ja su gefe yana musu wa'azi ba da sanin iyaye ko masu rikonsu ba, amana ce anka ba gidan, kuma ku za ku tafi, su za a bari da rigimar.

Kayan da za ku kai, ku tambaya tukuna. Sau da yawa mukan loda gwanjo da biskit alhali abin da ke damunsu gidan sauro ne, ko famfon da ya lalace, ko audugar mata ga 'yan mata da sun fara girma. Shinkafa da sabulu da man gyada gara ku saya a kasuwar garin, kun huta da kwastan kuma 'yan kasuwar wurin sun amfana. Magani kuwa in ba ma'aikacin lafiya a cikinku kar ku raba.

To in kun isa fa? Ku tuna akwai innonin da ke kwana da yaran nan shekara da shekaru, su ne iyayen, ku baki ne na sati daya. Ku dauke musu nauyi, wanki, girki, fenti, gyaran bandaki, mai aikin lantarki ya duba sola, malama ta zauna da malaman gidan su tsara darasi tare. Na san zuciya na son daukar karamin nan a goya shi yini guda, amma yaron da ya riga ya rasa uwa in ya shaku da ke 'yar'uwa ranar Asabar kika shiga mota, kin sake bude masa tsohon ciwo ne, kuma wata mai zuwa wasu baki za su zo su maimaita. A yi wasa da waka cikin taro, innarsu na wurin. Babba daya kar ya kebe da yaro a daki, ko wane ne shi, ko shugaban tafiya ne. Kar a yi alkawarin zan dawo in dauke ka, kar a ba yaro lambar waya, hoto kuma sai da izinin shugaban gida, fuskar yaro da labarin yadda iyayensa sunka rasu ba na sawa a status ba ne.

In kun dawo ku kawo wa ikilisiya lissafin kudi dalla-dalla, har na mai da na abinci. Sannan ku zauna ku yanke abin da zumunta za ta iya aikawa duk wata ko kadan ne, albashin mai reno daya ko kudin makarantar yara biyu, a nada mutum guda da zai rika kiran shugaban gidan yana karbo rasit.