Kada a yanke prednisolone farat ɗaya

Assalamu alaikum 'yan'uwa ma'aikatan jinya. Ga shawara kan marasa lafiyar da aka ɗora a kan prednisolone, musamman yara masu ciwon ƙodar nan mai sa kumburi.

Abin da ya fi damuna shi ne yanke maganin. Uwa ta ga kumburin fuska ya sace, sai ta ce ai yaro ya warke, ta ajiye sauran ƙwayoyin. Alhali wanda ya haura mako 3 yana sha, jikinsa ya riga ya rage samar da nasa sinadarin kotisol, wato sinadarin da jiki ke buƙata wanda maganin ke yin irin aikinsa. In aka yanke farat ɗaya, sai kasala da amai, jini ya sauka, har ta kai ga suma. Likita ne ke ragewa sannu a hankali. Don Allah ku nanata wa uwa wannan kafin sallama, ku sa ta maimaita muku da bakinta.

A ba shi da safe bayan ya karya, saboda ciki da kuma barci. A riƙa auna suga, hawan jini da nauyi.

Maganin kan rage garkuwar jiki, ya kuma ɓoye zazzaɓi, don haka ku haska bakinsa ku duba ko harshe ya yi fari-fari. In ya cuɗanya da mai ƙaranbau ko ƙyanda, a kawo shi asibiti a ranar, kada a jira ƙuraje su feso.