Yadda zaka lallaɓa ka gama mastas ɗin lafiyar al'umma ta duniya lafiya lau

Kafin komai ka san cewa wannan karatun gajere ne kuma da gudu yake tafiya. A Ingila shekara ɗaya ce cur, ka shiga a Satumba ka miƙa purojet a Satumba mai zuwa, a Amurka kuma yawanci shekara biyu ne duk da akwai masu matse shi ya koma ƙasa da haka. Don haka wanda ya ce bari ya ɗan huta ya saba da gari tukuna, kafin ya ankara jarabawa ta ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Maganar inda zaka yi ba zan daɗe a kai ba. Sunayen da kowa ya sani su ne makarantar London ta LSHTM mai koyar da lafiyar al'umma da cututtukan ƙasashe masu zafi, da takwararta ta Liverpool, da Johns Hopkins a Baltimore, amma ba dole sai ka tsallaka teku ba, ABU Zariya tana da MPH, wato mastas ɗin lafiyar al'umma, kuma tana cikin jami'o'in da ake bi da shirin NFELTP da aka fara a 2008 mai horar da masu bin diddigin annoba a fili, BUK tana da cibiyar nazarin lafiyar al'umma ta ACEPHAP, 'yan uwanmu na Nijar kuma suna iya nufar cibiyar lafiyar al'umma ta IRSP da ke Ouidah a Benin. LSHTM ma tana da na nesa da zaka yi daga gida kana aikinka, a hankali har shekara biyar. In sikolaship kake nema, Chevening ta gwamnatin Birtaniya tana son ka yi aikin shekara biyu kafin ka nema kuma ka koma gida shekara biyu bayan ka gama, sannan akwai Commonwealth da DAAD ta Jamus da Mastercard Foundation. Ka fara cike-ciken shekara guda kafin lokacin da kake son tafiya, ba wata biyu ba. Masu iyali kuma su sani tun Janairun 2024 Ingila ta hana yawancin ɗaliban mastas na aji, wato wanda ba na bincike zalla ba, zuwa da mata da yara, gara a yi wannan shawarar a gida tun kafin a biya kuɗin biza.

To yanzu ga inda gizo ke saƙar, zangon farko. Kwas biyu ne ke riƙe da duk sauran, efidemiyoloji wato ilimin yadda cuta ke yaɗuwa cikin jama'a, da kuma istatistiks. Likitoci da nas-nas da 'yan famasi su ne suka fi shan mamaki a nan, saboda sun saba da mara lafiya ɗaya a gabansu, yanzu kuma an ce su yi tunanin mutum dubu hamsin lokaci guda, kuma rabon wasu da lissafi tun sakandare. Wallahi duk abin da zaka yi sakaci da shi, kar ya zama waɗannan biyun. Darasin mako na huɗu a kan na mako na uku yake zaune, in ka bari ɗaya ya wuce ka baka gane ba to sauran duk hayaniya zaka riƙa ji. Ka halarci kowane furaktikal, ka buga kod ɗin da hannunka ko da abokinka ya turo maka nasa a WhatsApp, kuma ka zaɓi manhaja ɗaya ka riƙe ta gam. In makarantar Stata take koyarwa ka bi, amma ka tuna lasisinta na kuɗi ne kuma ranar da ka gama zai iya yankewa, R kuwa kyauta ce har abada, shi yasa ni nake ganin ko da daddare ne ka riƙa taɓa ta kaɗan kaɗan. SPSS ta danne-danne tana da sauƙi amma bata kai mutum nesa.

Bari in nuna maka irin tunanin da ake so ka fito da shi. A ce an kawo maka data, ka duba ka ga yaran da ke kwana a gidan sauro sun fi waɗanda basa kwana a ciki kamuwa da maleriya. Wanda bai koyi komai ba zai rubuta cewa gidan sauro baya aiki. Wanda ya koya zai tsaya ya tambaya, ina aka raba gidajen sauron nan? In a ƙauyukan bakin fadama aka fi rabawa saboda can ne sauro ya fi yawa, to wurin zama ne ya rikita lissafin, sai ka raba yaran gida biyu, na fadama daban na tudu daban, ka sake dubawa, nan zaka ga gaskiyar lamarin. Rabin efidemiyoloji wannan tambayar ce ake maimaitawa da kaya daban-daban, kuma ita ake biyan mutum albashi a kanta.

Karatun takardu kuma kar ka ce sai ka cinye duk abin da ke cikin jerin da malami ya bayar, ba wanda yake iyawa. Ka karanta taƙaitawar farko, ka tsallaka wajen yadda suka yi binciken da teburan sakamako, in ta cancanta sai ka dawo ka bi ta daki-daki. Ka saka Zotero a laftof ɗinka tun makon farko ya riƙa tara maka madogara. Sannan a kiyayi kwafe, can basa wasa da shi ko kaɗan, asayimen ɗinka ta manhajar kama kwafe ta Turnitin zai bi, kuma jera maganar manyan farfesoshi ba tare da ka faɗi naka ra'ayin da hujja ba baya kawo maki. A yawancin jami'o'in Ingila 50 ce cin jarabawa, daga 70 zuwa sama kuma shi ne mataki mafi girma, don haka in ka ga 62 kar hankalinka ya tashi, ka yi ƙoƙari.

Wani abu da zaka lura da shi a aji, za a yi ta kawo misalan yankinmu, cutar shan inna, sanƙarau, gubar dalma ta Zamfara ta 2010, tamowa a Maraɗi da Katsina, kuma sau da yawa mai bayanin a takarda ya san wurin. Kar ka yi shiru. In an zo maganar dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 aka taƙaita ta da cewa jahilci ne, kai ka san akwai gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, ka san mutane suna tambayar me yasa ake bin su gida-gida da ɗigon baki kyauta alhali asibiti babu ko farasitamol, kuma ka san sai da aka shigo da sarakuna da malamai kafin al'amarin ya daidaita har aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, wato wadda ba daga rigakafi ta samo asali ba, a Agustan 2020. Ka faɗa, amma ka haɗa da hujjar da aka wallafa, don "ni ɗan can ne" kaɗai bata isa amsa a jarabawa ba.

Purojet shi ne inda mutane suka fi faɗawa rami. Ka fara tunanin maudu'i tun zangon farko, kuma ka ƙanƙanta shi, ba "matsalar mutuwar mata wajen haihuwa a Najeriya" ba, wannan aikin rayuwa ne, ka ce misali me ke da alaƙa da haihuwa a gida tsakanin matan da suka je awo sau huɗu a arewa maso yamma. In ka ce sai ka dawo gida ka tattara sabuwar data da manhajar tambayoyi ta KoboToolbox, ka sani kana buƙatar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na makarantarka da kuma na gida, ko na ƙasa wato NHREC ko na ma'aikatar lafiya ta jiha ko na asibitin koyarwa, kuma waɗannan kwamitocin ba kullum suke zama ba, wata biyu zai iya tafiya kana jiran takarda ɗaya, ga damina ga hanya ga kuɗin masu tambaya. Mai shekara ɗaya shawarata ya yi amfani da datar da ke ƙasa, kamar binciken lafiya da yanayin jama'ar Najeriya wato NDHS na 2018 da ya shiga gidaje sama da 40,000, ko ya yi bitar binciken da aka riga aka wallafa bisa tsari. Sai dai ka nemi izinin datar da wuri tunda yanke tallafin Amurka na 2025 ya taɓa shirin DHS da ke bayar da datar shi kansa, kuma in ka samu kar ka manta da nauyin samfur, wato adadin mutanen da kowane wanda aka tambaya yake wakilta, a Stata umarnin svyset ake fara bugawa, in ka tsallake shi duk alƙalumanka sun karkace.

Sufabaiza kuma ba zai neme ka ba, kai zaka neme shi. Ka tura imel gajere, ka je da tambaya takamaimai da abin da ka riga ka gwada, bayan kun tashi ka rubuta abin da kuka amince ka tura masa. Kuma ka tambaye shi tun farko yaushe zai tafi hutun bazara, don daidai lokacin da ka fi buƙatarsa ne suke ɓacewa.

Rayuwa kuwa, a London cikin Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, azahar da la'asar da magariba duk suna iya faɗowa cikin lakcocin yini ɗaya, ka nemi ɗakin sallah ranar farko ka tsara kanka. Biza ta yarda ka yi aikin awa 20 a mako lokacin karatu, amma in ka cike su duka da aikin dare a sito, istatistiks ɗinka ce zata biya bashin.

Neman aiki ka fara shi tun kana tsakiyar karatu. Kasuwar ta canza, an rushe hukumar tallafin Amurka ta USAID a 2025, ayyukan ƙungiyoyi da yawa sun tsaya, masu kwali iri ɗaya da naka suna da yawa a layi. Abin da ake tambaya a intabiyu yanzu shi ne me ka iya yi da hannunka, zaka iya tsaftace data, ka zana taswirar ɓarkewar kwalara ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, ka rubuta rahoton shafi biyu da kwamishina zai karanta ya gane? Ka ajiye samfurin irin waɗannan ayyukan a folda ɗaya, ka riƙa leƙa shafukan hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC da hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa NPHCDA da takwarorinta na jihohi da ƙungiyar masu bin diddigin annoba ta Afirka AFENET da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, kuma ka karɓi alƙawarin takardar shaida daga malamai biyu tun kana gabansu suna ganin fuskarka, don bayan shekara ɗaya imel ɗinka zai iya kwana wata guda ba amsa.