Idan Ɗan Uwa Ya Kafe a Kan Abin da Babu Shi

Mutum ya rantse maƙwabta na zuba masa guba a koko, ko rediyo da shi take magana, kuma ba hujjar da ke girgiza shi. Wannan alamar ciwon ƙwaƙwalwa ce, ba taurin kai ba.

Kada ku yi masa gardama, sai ya lissafa ku cikin maƙiya. Kada kuma ku gaskata shi. Ku ce: "Yaya, na ga abin yana tsorata ka, mu je likita ya duba ka."

Kafin ku tafi, ku rubuta ranar da abin ya fara, awa nawa yake barci, ko yana shan wiwi ko giya, ko akwai mai irin ciwon a dangi. In mace ce, ko ta haihu kwanan nan. Da wannan bayani likita ke aiki, domin gwajin jini ba ya nuna wannan ciwon, sai dai ya kawar da zargin wasu cututtuka.

In ruɗewar ta zo farat ɗaya tare da zazzaɓi, ko yana maganar kashe kansa, ku kai shi a ranar. A Kumasi, asibitin Komfo Anokye yana da sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa.

Maganin kan ɗauki makonni kafin a ga sauƙi, kuma yanke shi da wuri ke dawo da ciwon. A yi addu'a, amma don Allah kada a ɗaure shi da sarƙa.