Babi na Shida: Jera Sahu da Dabarun Farmaki a Wasan Yaƙin Tebur

Wasan yaƙin tebur wasa ne da mutum biyu suke yi da ƙananan mayaƙa na roba ko na ƙarfe, waɗanda tsayin yawancinsu kusan santimita 3 ne, kowa yana jagorantar rundunarsa bisa dokokin da aka rubuta. Asalinsa daga ƙasar Farusiya ne, a Jamus ta yau, inda a 1824 aka fara koya wa hafsoshin soja dabarun yaƙi da irinsa a kan taswira. Nau'in da za mu koya a wannan babi shi ne na duniyar tatsuniya, wanda ake haɗa dakaru da mahaya da dodanni da ƙattai a fage guda, kuma mafi shahara a cikinsa shi ne Warhammer, wanda kamfanin Games Workshop na Ingila ya fitar a 1983. Lissafin da ke ƙasa ya bi tsofaffin dokokin wannan wasa, domin sun fi sauƙin koyo ga wanda yake sabawa da ƙirga da awo.

Kayan wasan na asali suna da tsada, kuma akwai masu ƙyamar ajiye mutum-mutumi a gida, saboda haka a ajinmu na nan Bauchi murfin kwalba muke amfani da shi a matsayin soja. Ana manna kowane murfi a kan ɗan kwali mai kusurwa huɗu, ana rubuta masa harafi: D na dakare, B na ɗan baka, M na mahayi. Sauran abin da ake bukata shi ne tef irin na tela mai awon inci, da ƙwayar ludo guda biyu ko fiye, da fili mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 4, wanda tabarma ma tana iya wadatarwa. Ba a sa kuɗi a wannan wasa, domin aikin ƙwayar ludon kawai shi ne ta nuna sakamako, kamar ko sara ya samu ko ya kuskure.

Soja ba ya tafiya shi kaɗai. Ana haɗa sojoji cikin ƙungiya, ana jera su sahu-sahu, dukkansu suna fuskantar wuri ɗaya, kuma tambaya ta farko da mai wasa zai amsa ita ce yadda zai raba su tsakanin faɗi da zurfi. Mu ɗauki dakaru 20. Idan aka jera su biyar-biyar, za a sami sahu 4, kuma da yake kwalin kowane soja santimita 2 ne, faɗin ƙungiyar zai zama santimita 10. Idan aka jera su goma-goma, sahu 2 ne kawai, faɗin kuma santimita 20. Mai koyo yakan ɗauka cewa jerin goma ya fi, tunda sahun gaba ne kaɗai yake sara, amma dokar ta ce sai sojan da kwalinsa ya taɓa na abokin gaba ne zai yi faɗa, ko da ta kusurwa ce. Saboda haka idan masu faɗin goma suka gamu da masu faɗin biyar, mutum 7 ne kawai za su sami abin sara, uku suna tsaye ba aikin komai. Jeri mai faɗi ya fi dacewa da 'yan baka, waɗanda suke son kowa ya ga abin da zai harba daga nisan inci 24.

Amfanin zurfi yana bayyana ne a wurin ƙidayar sakamako. Bayan an gama sara, kowane ɓangare yana ƙirga makinsa: maki ɗaya a kan kowane abokin gaba da ya kayar, maki ɗaya idan yana da tuta, da maki ɗaya a kan kowane cikakken sahu da ke bayan na farko, har zuwa uku. Wato masu jerin biyar-biyar sun shiga faɗa da maki 4 a hannu tun kafin su ɗaga takobi, uku na sahu da ɗaya na tuta, alhali masu jerin goma-goma maki 2 suke da shi. Wanda makinsa ya gaza shi ne aka rinjaya, kuma dole ya jefa ƙwaya biyu don a ga ko mutanensa za su tsaya ko za su arce. Adadin jarumtar talakan soja 7 ne, ana cire masa yawan makin da aka fi shi. Idan da maki 3 aka fi shi, sai jimlar ƙwayoyin ta zama 4 ko ƙasa da haka kafin ya tsira, kuma cikin hanyoyi 36 da ƙwaya biyu suke iya faɗuwa, 6 ne kawai suke ba da wannan, wato sau ɗaya cikin shida. Ya kamata mai karatu ya dakata a nan ya rubuta waɗannan hanyoyi shida a littafinsa.

Duk wannan ƙarfi na zurfi yana da wurin da yake karyewa, kuma a ganina wanda ya fahimci wannan wuri ya fahimci wasan. Ƙungiya tana gani ne ta gabanta kawai, kuma ba ta iya kai farmaki ga abin da ba ta gani. Idan mahaya biyar suka faɗa mata ta gefe, makin sahunta duka ya rushe, su kuma an ƙara musu maki ɗaya, ko biyu idan ta baya suka shigo. Juyawa kuwa ba ta da sauƙi, domin idan ƙungiya za ta karkata ba tare da ta wargaza jerinta ba, kusurwa ɗaya tana tsayawa, ɗayar tana zagayawa, kuma tafiyar kusurwar waje ake aunawa. Wanda ya taɓa kallon ayarin hakimi yana shan kwana a hawan sallah ya ga yadda dokin ciki yake taka ƙasa a hankali na waje yana sauri. Masu faɗin santimita 10 suna bukatar kusan inci 6 don su fuskanci gefensu, masu faɗin 20 kusan inci 12, ga shi kuma dakare inci 4 yake tafiya a zagaye guda, wato duk lokacin da layin wasa ya zo kansa, doki kuwa inci 8, sai dai a farmaki tafiyar tana ninkawa.

Wani dattijo tela a ajinmu ya taɓa tara dakaru 30 a tsakiyar tabarma ya tura su kai tsaye kan ƙanensa, wanda dakarunsa 15 ne kawai da mahaya 5 a bayan wata kwarya da aka kife a matsayin tudu. Ƙanen ya bari aka haɗu gaba da gaba, sannan ya ɗauki tef ya auna daga mahayansa zuwa gefen hagu na babbar ƙungiyar, ya ce, "Yaya, duba da kanka, inci 14 ne, kuma sukuwar doki tana kai 16." Dattijon ya sa tabarau ya duba, ya ce, "Haka ne, ƙanena, shigo." Da aka ƙirga, makin sahun yayan guda uku sun tafi, ƙanen yana da biyu na sahu da ɗaya na gefe, kuma duk da cewa kowa ya kayar da mutum biyu, mutanen yayan ne suka juya da gudu.

Dabarar da ƙanen ya yi ita ce uwar sauran: ƙungiya mai zurfi ta riƙe abokin gaba ta fuska, mai sauri ta sare shi ta gefe. Daga gare ta ne ake samun dabarar tara ƙarfi a ɓari ɗaya, inda mai wasa yake jibge zaratan mayaƙansa a dama, ya ja na hagu baya, ta yadda rabin rundunar abokin karawarsa za ta ɓata zagaye biyu ko uku tana tafiya ba ta sami kowa ba. Akwai kuma dabarar tarko, wato a ajiye 'yar ƙaramar ƙungiya a karkace a gaban babba, domin dokar ta tilasta wa mai farmaki ya daidaita fuskarsa da ta wanda ya faɗa wa, kuma da ya daidaita sai gefensa ya buɗe. Maganin waɗannan duka shi ne a jingina gefe ɗaya da kogi ko daji ko bakin fili, ɗaya gefen kuma a ajiye masa ƙungiya a ɗan baya, wadda za ta far wa duk wanda ya zagayo.

Dodo da ƙato suna ruɗar sabon ɗan wasa, domin suna da ban tsoro kuma suna kayar da mutum uku ko huɗu a sara guda. Sai dai ba su da sahu, ba su da tuta, don haka idan aka tura dodo shi kaɗai ta gaban dakaru 20, makinsu 4 na farko yakan cinye duk ɓarnar da ya yi. Wurinsa shi ne gefe, tare da wata ƙungiya da ta riga ta riƙe gaba.

Aikin wannan mako shi ne kowane ɗalibi ya yanka kwali 24, ya jera su shida-shida sannan takwas-takwas, ya rubuta yawan sahu da faɗin kowane jeri da santimita da makin sahun da zai samu. Bayan haka ɗalibai su zauna biyu-biyu, ɗaya da dakaru 24, ɗayan da dakaru 15 da mahaya 5, a bar inci 24 a tsakaninsu, a yi zagaye 6, kuma kowa ya rubuta jimla uku a kan inda gefensa ya buɗe da abin da zai ajiye a wurin idan aka sake karawa.