Yadda ake gano abin da ke sa tsohuwar mota shan mai kafin a sayi sabuwar sensa

Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, duk mai tsohuwar Corolla ko Accord a Katsina ya zama mai sa wa allurar tanki ido. Da mota ta fara zuƙar mai, sai ka ji an ce "sensa ce", wato ɗaya daga cikin ƙananan na'urorin da ke auna iska, zafi ko hayaƙi su kai wa ƙwaƙwalwar motar rahoto. Wani lokaci ita ce, amma sau da yawa sensar gaskiya take faɗa, ciwon yana wani wurin.

Fara da awo, kada ka dogara da allura. Cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ka rubuta lambar kilomita, ka yi tafiya, misali Katsina zuwa Daura ka dawo, wajen kilomita 160 ke nan. Sake cikawa a famfon da ka sha da farko. In ta ɗauki lita 16, kowace lita ta ba ka kilomita 10. Da wannan lissafin za ka auna ko gyaran ya yi amfani.

Sai abubuwan da ba sa cin kuɗi: iskar taya, birkin da ke riƙewa, da warin fetur a ƙarƙashin mota. Ka kwance fulogi ɗaya. In bakinsa ya yi baƙi ƙirin da busasshen hayaƙi, mai ya fi iska yawa.

Yanzu a jona na'ura. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, suna da soket mai ƙofa 16 a ƙasan sitiyari. Ƙaramar na'urar ELM327, wadda ake jonawa a soket ɗin ta karanto matsalar mota, da wayar hannu sun isa. Kada ka yarda a cire kan batir don fitilar gargaɗi ta mutu kafin a karanta, shaidar ce ake gogewa. Rubuta lambobin matsalar da na'urar ta nuna tukuna. P0171 na nufin iska ta yi yawa, P0172 mai ya yi yawa, P0101 sensar iska (MAF, mai auna iskar da ke shiga inji), P0300 inji na tsallake wuta. Irin wannan lamba unguwa take nuna maka, ba gida ba. In kuwa fitilar ƙiftawa take yi, ka daina tuƙi har a duba.

Inda ya kamata ka daɗe shi ne zafin inji. Da sassafe, kafin ka tayar, duba ECT, wato zafin ruwan inji, a allon wayarka. Ya kamata ya yi kusa da zafin gari. In ka ga −40, wayar sensar zafin ce ta tsinke ko soket ɗinta ya saki, aikin mai wayarin ne. Sannan ka tayar ka yi tafiya, zafin ya hau wajen digiri 85 zuwa 95 ya zauna. In ya maƙale a 60, tambayi makanike: "Maigida, tamostat na ciki kuwa?" Tamostat shi ne ke tare ruwa kada ya zagaya lagireto sai inji ya yi ɗumi. A garejinmu an saba cire shi a jona fanka kai tsaye, wai don zafin bazara. Ni dai ban ga dabarar da ta fi wannan cin aljihun masu mota ba. Injin da bai yi ɗumi ba, ƙwaƙwalwar motar ƙara masa mai take yi, kuma da sanyin hunturu abin ya fi muni. A mayar da tamostat, a wanke lagireto, a bar fanka ta riƙa tashi da kanta.

Daga nan sai iska. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, kuma busa ta da iskar mai faci yakan huda takardar, ƙura ta wuce ta manne wa siririyar wayar sensar MAF. Ciro sensar, fesa mata maganin da aka yi dominta, ba fetur ba, ba na wanke kafireto ba, kada kuma yatsa ya taɓa wayar. Bar ta ta bushe. Ka lanƙwasa baƙar robar da ta tashi daga nan zuwa inji, tsagewa a cikin ninkinta take ɓuya. A allo, lambar LTFT, wato yawan man da ƙwaƙwalwar motar ke ƙarawa ko ragewa, in ta haura 10 sama ko ƙasa tana nuna akwai gyara. In ta yi sama mota na tsaye inji na aiki amma ta sauko da ka taka totur, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya.

Sensar hayaƙi ita ce ta ƙarshe, kuma akwai ta gaba da ta baya. Ta gaba, wadda ke kusa da inji, ita ke daidaita mai. Irin ta da, idan ta yi zafi, lambarta tana hawa da sauka tsakanin volt 0.1 da 0.9 ba tsayawa, in ta yi nauyi ko ta tsaya cak ta gaji. Toyota da yawa wata iri suke sakawa wadda lambarta ba ta rawa haka, don haka a tabbatar kafin a yanke mata hukunci. Ta baya kuwa aikinta lura da matatar salansa da makanikai ke kira indomi. In an fasa an kwashe ta, P0420, lambar matsalar matatar, zai yi ta dawowa ko sensa nawa ka saya.

Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci guda. Bayan kowane gyara a goge lambobin, ka sake cika tanki ka maimaita awon farko a kan hanyar da ka bi.