Kurakuran da iyaye suka fi yi idan zazzaɓi ya sa yaro jijjiga

Duk damina sai an kawo mana yara asibiti baki jina-jina, kuma ba jijjigar ce ta ji musu ciwo ba, cokali ne. Don Allah iyaye, ku daina cusa cokali ko yatsa a bakin yaron da ke jijjiga. Ba zai haɗiye harshensa ba. Haƙori kawai za ku karya masa, ko ku yaga masa dasashi.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne ɗura. Ruwa, manja, rubutu, jiƙo, kowa da abin da yake kawowa a guje. Yaron da ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya haɗiya, abin huhu yake wucewa. Na ga yarinya 'yar shekara 2 da jijjigarta ta tsaya tun kafin su iso, amma manjan da aka ɗura mata ya kwantar da ita da ciwon huhu, tana numfashi sama-sama, an sa mata robar iska a hanci. Wa ya jawo mata wannan? Addu'a ku yi ta, ba wanda ya hana, amma kada a ba shi komai ta baki sai ya farfaɗo sarai.

Ni dai ga yadda nake yi: in kwantar da shi a kan tabarma ta gefensa, in sassauta masa riga, in kawar da abin da zai buge shi, in duba agogon waya. Yawanci takan lafa kafin minti 5. In ta wuce haka, a nufi asibiti nan take.

Ban da danne shi, ban da tsoma shi a ruwan sanyi, ban da albasa a ido ko turara masa hayaƙi. Farasitamol yana sauƙaƙa zafin jiki, amma ba ya hana jijjiga dawowa.

Sai masu cewa ai ya warware, a zauna gida. Gaskiya ne jijjigar zazzaɓi, wadda ke kama yara daga wata 6 zuwa shekara 5, galibi ba ta barin illa. Amma a ƙasarmu maleriya mai taɓa ƙwaƙwalwa da sanƙarau ma haka suke farawa. A kai shi a gwada jininsa a ranar. In wuyansa ya sandare, ko maɗiga ta kumbura, ko ɓangare ɗaya ne ke jijjiga, ko ta maimaita cikin awa 24, ko jariri ne da bai kai wata 6 ba, ko da tsakar dare ne kada a jira gari ya waye.