Yadda na gyara baƙaƙen ɗigogi a hotunan sararin sama

Matsalar ita ce wasu ɗigogi masu duhu da ke fitowa a wuri ɗaya cikin kowane hoton fili, musamman inda sama take fayau. A f/4 (wato ƙofar hasken kyamara a buɗe sosai) ba a ganinsu, amma da an matse ƙofar haske zuwa f/16 sai su fito ɓaro-ɓaro. Na canza idon kyamarar, ɗigogin suna nan daram. Ƙura ce ke nan a kan sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara ya mai da shi hoto.

Don tabbatarwa na ɗauki farar takarda a f/22 da ISO 100 (ma'aunin ƙarfin karɓar haske na sensa), na kawar da saitin gani har ta dusashe, sannan na ƙara girman hoton a kwamfuta. A lura, hoto a juye yake sauka kan sensa, ɗigon da ke saman hoto yana ƙasanta.

Na cika batir tukuna, domin shi ke riƙe madubin da ke gaban sensa a ɗage yayin gogewa, idan ya mutu madubin zai rufo kan abin gogewa. Na kifa kyamarar, na hura da 'yar robar hura iska sau biyar. Kada a hura da baki, yawu ya fi ƙura wuyar fita. Ɗigo biyu suka ƙi tafiya, sai na ɗauko tsinken goge sensa daidai faɗinta, na ɗiga masa ruwan gogewa ɗigo biyu kacal (ya wuce haka yana barin zane), na ja sau ɗaya daga gefe zuwa gefe, na juya ɗaya fuskar na dawo. Ba a maimaita tsinke.

Gwaji na biyu a f/22 ya fito tas. Yanzu sai na kashe kyamara, bakinta na kallon ƙasa, kafin in canza mata ido.